Makau da Karnukan da Ba Su Tashi Ba

An yi wani goggon biri mai suna Makau a wata fadama da ake kira Kurnar Tudu. Girman kai ya yi masa katutu, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Sana'arsa horar da karnuka, kuma sana'ar tana ci, domin tumaki da awakin yankin ba sa ɗaukar kare aikin gadin garke sai wanda ya samu horo.

Tare yake aiki da wata tsohuwar karya, Durwa, mai tausayin tsiya. Ta riga shi shiga sana'ar da shekaru. Ita da guntun ƙashi da lallashi take koyarwa, in kare ya yi daidai ta lashi kunnensa.

Sai kuma Ungulu, wadda ke zama a kan busasshen marke a bakin filin horo. Ita ba ta koyarwa, ba ta koyo. Haƙuri kawai gare ta, ba a taɓa ganin tana sauri ba.

Ana nan sai Makau ya tsinci usur na ƙarfe da wani mafarauci ya yar. Ya rataya shi a wuya, ya tara ɗalibansa su goma sha biyu, ya yanko tsumagiya.

"Daga yau doka ɗaya ce," in ji shi. "Na busa sau ɗaya, ku zauna. Na busa sau biyu, ku tashi. Tsakanin nan ko sama za ta faɗo, wanda ya motsa jikinsa zai gaya masa."

"To in kura ta shigo garke suna zaune fa?" in ji Durwa.

"Ke dai tsufa ya cinye ki. Wa ya tambaye ki?"

"Ni na koya maka yadda ake riƙe kare, Makau."

"Kin koya mini lasar kunne. Matsa can."

Ya fara gwada su da nama. Sai ya busa usur, su zauna, ya ajiye tsoka a gaban hancin kowa. Wanda ya miƙa wuya ya sha tsumagiya. Da suka ƙware a wannan, sai ya koma kiran sunayensu da murya mai daɗi. Wanda ya taso ya sha duka. Ya yi musu fito da baki irin na usur, wanda ya ruɗu ya tashi, shi ma ya sha.

Wannan duk bai ishe shi ba. Ku ji mugun abin da ya ƙirƙiro, ni har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Wata safiya ya zaunar da su, ya je tsakiyar fili ya faɗi yana birgima.

"Wayyo maciji! Ku taimake ni! Wallahi ba gwaji ba ne!"

Karnuka huɗu suka zabura. Durwa ma, da ke can gefe, ta rugo da ɗingishinta. Suna isa Makau ya miƙe yana dariya, ya zane huɗun nan har sai da tsumagiyar ta karye.

"Ashe ba ka da hankali?" in ji Durwa. "Don sun zo cetonka ka dake su?"

"Don sun karya doka."

"Kana kashe musu abin da ya sa ake neman kare. In kare ya ji kuka bai zo ba, me ya rage masa?"

"Biyayya ta rage masa. Ke ma da kika rugo, kin ba su mugun misali. Tattara naki ya naki, kada in ƙara ganin ki a filin nan."

Durwa ta dubi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, ranta a jagule. Ta juya ta haye tudu, ta koma can bayan dutse da zama.

Daga kan marke Ungulu ta ce, "Ni dai aikinka yana burge ni, Makau."

"Ke kaɗai ce mai ido a fadamar nan," in ji shi, yana hura hanci.

"Ci gaba. Ina kallo."

Ya kuwa ci gaba. Kullum sai ya yi faɗuwar ƙarya: yau kunama, gobe ƙaya, jibi ciwon ciki. Kullum da rantsuwarsa. A hankali masu tasowa suka ragu daga huɗu zuwa biyu, daga biyu zuwa babu.

Filin ya zama wani iri. Da can in ka doso wurin haushi za ka fara ji da guje-guje. Yanzu shiru kake ji. Karnuka goma sha biyu a jere, ba mai kaɗa wutsiya, ba mai sosa ƙuma. Ƙuda zai sauka a kan idon kare ya yi ta yawo, karen ba zai ƙifta ba. Tsuntsaye suka daina sauka a wurin. 'Yan awaki in za su wuce sai su zagaya ta nesa.

Shi kuwa Makau daɗi kamar ya kashe shi. Ya aika wa duk masu garke cewa ran Laraba su zo su ga abin da ba a taɓa gani ba, karnukan da za su zauna tun hantsi har la'asar.

Ran Talata ya ce bari ya yi gwajin ƙarshe. Ya kai su bakin wani tafki da ya ƙafe, inda babu inuwa ko ta ganye ɗaya. Rani ne, saman tafkin ya bushe ya tsattsage kamar ƙanzo. Rana tana tsaka ya busa usur sau ɗaya. Suka zauna.

Ya riƙe usur a baki, ya fara ja da baya cikin tafkin yana kallonsu, don ya ga iya nisan da zai yi ba su motsa ba. Taku goma, taku ashirin, taku talatin. Sai ƙasa ta burma da shi.

Ashe saman ne kawai ya bushe, ƙarƙashi baƙin taɓo ne mai zurfi. Ya nutse har gwiwa. Da ya buɗe baki don ihu, usur ya faɗo, tsohon zaren da ke riƙe da shi ya tsinke. Yana kallo taɓo ya haɗiye shi.

Ya cusa hannu yana lalube. Yana motsi yana ƙara nutsewa, har taɓo ya kai masa kwankwaso. Nan tsoro ya kama shi na gaske.

"Ku taso!" in ji shi. "Ku jawo reshe ku miƙo mini!"

Idanu ashirin da huɗu suna kallonsa. Ba wanda ya motsa.

"Jatau, kai ne babba, taso. Gambo, Ɗanwake, ku taso mana. Ba zan dake ku ba."

Kunnen Jatau ya ɗan girgiza, sannan ya tsaya cak. Ai sun san wannan murya mai daɗi, sun san abin da ke biyo bayanta.

Makau ya tsuke baki ya yi fito sau biyu. Shiru.

"Wallahi ba gwaji ba ne!"

Sai ya ji fuka-fuki. Ungulu ta sauko a hankali, ta sauka a ƙarshen layin, ta gyara zama kamar ɗaliba ta goma sha uku.

"Wannan rantsuwar ma ai kullum suna jin ta," in ji ta. "Ka iya koyarwa, Makau. Ko ɗaya bai faɗi ba."

"Je ki kira mini wani!"

"Ni? Ai ni ma zama na iya."

Taɓo ya kai ƙirji. Makau ya yi ta kururuwa har muryarsa ta dushe. Can ya hangi wani abu yana gangarowa daga tudu da ɗingishi, yana jan reshe a baki. Durwa ce. Daga bayan dutse ta jiyo kukan, kuma duk da ta san halinsa, ta kasa zama.

Ta rarrafa kan busasshen wurin, ta tura masa reshen. Ya cafke. Ta ja, ta ja, har haƙorinta ɗaya ya fita. Ina ƙarfin tsohuwa ɗaya zai ciro goggon biri daga taɓo?

Ta saki ta juya ga ɗaliban. "'Ya'yana, ku taso. Uku kawai nake nema. Wannan karon gaskiya ne."

Hawaye na zuba daga idon Jatau, amma ƙafafunsa ba su ɗaga ba.

"Gaya musu, Durwa," in ji Makau da ƙyar, taɓo a haɓarsa. "Ke za su yarda da ke."

"Ranar da na rugo gare ka, a gabansu ka kore ni," in ji ta tana kuka. "Sun gani."

Ta sake kama reshen ta ja iya ƙarfinta. Kafin la'asar reshen ya taho mata sakayau, ba kowa a ɗaya bakin. Taɓo ya rufe, ya kwanta lumui kamar ba abin da ya faru. Ungulu ta duba, ta ga ko ita ba ta samu komai ba, ta tashi abinta ba tare da sauri ba.

Durwa ta bi karnukan ɗaya bayan ɗaya, tana lasar kunnensu, tana kiran sunayensu. Sai da rana ta yi ja sannan Jatau ya miƙe. Sauran suka biyo shi. Ta daɗe tana fama kafin ta sake koya musu haushi da rugawa in an yi kuka.

An ce in rana ta take a lokacin rani, akan ji busar usur daga tsakiyar tafkin nan, siririya, daga can ƙasa. Sau ɗaya take yi. Karnukan Durwa sukan tsaya su saurara, amma ba a taɓa jin ta biyun ba.

Darasin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba horon wasu, kada girman kai ya sa ya nemi biyayyar da babu tunani da tausayi a cikinta. Makau ya yi ta dukan ɗalibansa har suka daina zuwa in an yi kuka, kuma ranar da ya fi kowa buƙatar a zo, abin da ya koya musu shi suka yi masa.