Mantau da Iskar da Ta Juya

Tun zamanin da dajin gabas da kogi bai san gatari ba, aka yi wani maharbi mai suna Mantau. A harbi akwai waɗanda suka fi shi hannu, amma a sanin iska babu na biyunsa. Yakan hau wani faffaɗan dutse da hantsi, ya juya kuncinsa gabas da yamma, ya faɗi inda iska za ta kwana. An ce har tsuntsaye kan jira ya sauko kafin su tashi. Makaɗa na yi masa kirari: "Kunnen barewa, mai jin iskar gobe tun yau!"

Da shi da ƙanensa Shekarau suka fara kafa bukka a gindin dutsen. Mutane suka yi ta biyo su, domin wanda zai yi shiƙa ko jinka ba ya asara in ya tambayi Mantau.

Wata shekara da bazara, lokacin da iskar gabas da ta kudu ke kokawa, aka yi gayyar farautar wuta. Al'adar ita ce a cinna wa daji wuta ta inda iska ke fitowa, maharba su tare namun a gefe. Maharban garuruwa bakwai suka zo, wasu tafiyar kwana uku. Aka dafa abinci, ganguna suka ɗauka.

Mantau ya hau dutse. Iskar gabas ce, amma a ƙarƙashinta ya ji wani ɗanyen sanyi daga kudu, ya san ba za ta kai azahar ba. Ya dubo ƙasa: idanu ɗari a kansa, maroƙa na zuba kirarinsa. Ya za a yi ya ce wa baƙi su koma? Kunya ta kama shi, kuma kunya ba ƙaramar masifa ba ce ga mutumin da aka saba yabo.

Shekarau, wanda aka ba tsaron kwazazzabon arewa, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, za ta riƙe?"

Mantau ya kau da ido. "Za ta kai la'asar."

"To, shi ke nan. In kai ka faɗa."

Ya saɓa bakansa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Rana na tsaka iska ta ɗauke cak. Sai ta taso daga kudu da ƙarfi, ta kwashi wutar ta zuba a kwazazzabon arewa, wanda ƙofarsa ɗaya ce. Mantau ya yi gudu har tafin ƙafarsa ya saɓule, yana kiran sunan ƙanensa. Sai da yamma aka samo gawar Shekarau; ya tsaya a inda aka ajiye shi har wuta ta cim masa.

Mutane suka ce ƙaddara ce, iska ba ta da linzami. Mantau ya ƙi karɓar wannan sassauci. A wurin zaman makoki, gaban matar mamacin da 'ya'yansa, ya miƙe ya ce, "Iska ba ta yaudare ni ba. Na ji ta. Fuskokinku na duba, na kasa faɗa."

Bai sake taɓa baka ba. Shekara talatin ya yi yana hawa dutsen, baƙin ciki bai sake shi ko yini ɗaya ba.

Garin yana nan, ana kiransa Dutsen Mantau. Har yau jikokinsa ke faɗin iska, sau biyu a yini, da hantsi da azahar, kuma ba mai yi musu kiɗa ko kirari. Baƙo kan yi mamakin ganin mai faɗin iska ya juya wa jama'a baya yana magana, har ya ɗauka rashin ladabi ne. Dattawa kan ce masa haka Mantau ya bar wasiyya: kada mai faɗin iska ya ga fuskar kowa sai ya gama faɗin gaskiya.