Katin Baftismar Ƙaninsa

Akwai wani saurayi a Gonin Gora mai suna Elisha Shekari, yana koyon facin taya a bakin titin Abuja. Shekararsa goma sha takwas, amma Allah ya yi shi da ƙaramin jiki, in ka gan shi sai ka rantse bai wuce sha huɗu ba. Abin da ya fi iyawa a duniya shi ne ƙwallo. In ta zo ƙafarsa, sai dai ka tsaya ka sha kallo.

Su ba 'yan Gonin Gora ba ne tun asali. A Unguwar Sanusi suke zaune har zuwa rikicin watan Fabrairu na shekarar 2000, lokacin soja ba su cika shekara da komawa bariki ba. Ranar da rikicin ya ɓarke ne suka tsallako kogi shi da mahaifiyarsa Hannatu, daga su sai jaka ɗaya. Mahaifinsu ya rasu tun kafin nan. Ƙaninsa Wilfred, ɗan shekara goma sha biyu, ya tafi makaranta da safe bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma samu wanda ya ce ya gan shi ba.

Hannatu ta zaga asibitoci da sansanonin gudun hijira har takalminta ya tsinke. Dangi suka ce a yi wa yaron addu'ar mamaci a huta, ta ce ba za ta binne ɗan da ba ta ga gawarsa ba. Masara take gasawa a bakin titi, kuma duk motar da ta tsaya sai ta leƙa fuskokin da ke ciki. Wannan ɗan zaton ne kawai yake tashinta da safe, kuma Elisha ya fi kowa sanin haka.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, wata majami'a a Kakau ta kafa ƙungiyar ƙwallo mai suna Matasan Salama, domin yaran da suka ga tashin hankali su samu abin yi ban da zaman hirar ramuwa. Mai horar da su, Koci Matthew, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, mutum mai tsauri. Ba a taɓa ƙwallo sai an durƙusa an yi addu'a. Wanda ya yi zagi ya koma benci. Suna da riguna, suna da takalma, kuma suna shiga gasar kofi ta majami'u, inda masu neman 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi kan zo kallo.

Sai dai ƙungiyar ta 'yan ƙasa da shekara sha biyar ce. Koci Matthew kuwa ba ya karɓar takardar haihuwa, yana cewa wannan ko a gindin bishiya ana rubuta ta. Katin baftisma kawai ya yarda da shi, don a ganinsa ba wanda zai yi ƙarya da abin da aka sa wa hannu a gidan Ubangiji.

Elisha ya ji wannan doka a bakin wani yaro da ya kawo facin keke. Ya kwana uku yana juya maganar. A rana ta huɗu, da Hannatu ta fita kasuwa, ya buɗe jakar da suka gudo da ita, ya kwance ledar takardu, ya zare katin Wilfred.

Kada ku ce yarinta ce. Ya san sarai abin da yake yi. Abin da ya gaya wa kansa shi ne kati takarda ce kawai, kuma Kakau cike take da baƙin da rikici ya koro, ba wanda ya san wani.

Koci Matthew ya duba katin, ya duba fuskarsa, ya rubuta Wilfred Shekari a rajista, ya ba shi riga mai lamba tara.

To, ɗan sha takwas a cikin 'yan sha uku da sha huɗu, ai abin ba kyan gani. Duk wasa sai ya ci biyu ko uku. Kan Elisha ya kumbura. Ya daina ba kowa ƙwallo, yana yi wa yaran tsawa, yana dariya in ya kayar da wani. Da farko in an kira Wilfred sai gabansa ya faɗi. Kafin wata biyu ya saba, har juyowa yake yi yana murmushi. A gida kuwa ya ce wa Hannatu ogansa ne yake aikensa gari duk yammacin Talata da Asabar.

Haka suka kai wasan ƙarshe na kofi, aka sa shi ranar Asabar.

Ran Juma'a da yamma Elisha ya taso daga aiki. Tun daga bakin layi ya ji ana waƙar yabo, muryar da rabonsa da jin ta tana waƙa tun suna Unguwar Sanusi. Ya shiga ya tarar da Hannatu tana tankaɗe, fuskarta sharkaf da hawaye, tana dariya.

Ta ce, "Elisha, Ubangiji ya amsa. An samu ƙaninka."

Sai ta zayyana masa. Tsohuwar maƙwabciyarsu Celina, wadda ta koma Kakau da zama, ita ce ta ji an karanta sunayen 'yan ƙwallo a taron addu'a don a roƙa musu nasara, ta ji an ce Wilfred Shekari. Da gari ya waye ta zo ta faɗa mata. Hannatu ta bar masara a kan wuta ta hau mota. Ba ta samu Koci ba, amma wani dattijon majami'ar ya buɗe mata rajista. Suna iri ɗaya, sunan uba iri ɗaya, ranar haihuwa ko kwana ɗaya ba ta kauce ba. Dattijon ya ce bai san gidan yaron ba, a mota yake zuwa, amma gobe tabbas zai zo wasa.

Ta riga ta gama tsara komai a ranta. Wasu bayin Allah ne suka tsinci Wilfred suka riƙe. Ya koma tsohon gida ya tarar da toka, ina zai neme su?

Ta ɗauko sababbin silifa a leda ta ce Elisha ya gwada, wai yanzu ƙafar Wilfred ta kusa tasa. Ya sa ƙafarsa, suka zauna masa daidai. Kalma biyar kawai ake bukata a wurin, "Ni ne na ɗauki katin," kuma suna kan harshensa.

Amma ya tuna gobe masu neman 'yan wasa za su zo. Ya tuna in ya faɗa yanzu, Hannatu da kanta za ta kai shi gaban Koci. Sai ya ce wa zuciyarsa bari a gama wasan, in ya so ya durƙusa ya roƙe ta. Ya buɗe baki ya ce, "Mun gode wa Allah, Mama."

Da safe ta ce ya shirya su tafi tare. Ya ce oga ba zai bar shi ba sai azahar, ta yi gaba zai same ta a can. Yana kallo ta dafa faten da Wilfred yake so, ta zuba a kula, ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, wanda ba ta sa shi sai ranar babban taro. Sau biyu ya kira ta kafin ta fita. Sau biyun tana juyowa, sai ya ce ba komai.

Filin ya cika maƙil. Elisha ya zaga ta bayan majami'a ya sa riga, ya ɓuya a tsakiyar yaran. Ya hango Hannatu da Celina a layin gaba, tana rungume da kular tana miƙa wuya. Tunaninsa shi ne in aka fara gudu cikin ƙura da hayaniya, ba za ta gane komai ba sai an tashi. Ya manta cewa a wasan ƙarshe ɗaya bayan ɗaya ake kiran 'yan wasa da lasifika.

"Lamba tara, Wilfred Shekari!"

Jama'a suka ɗau tafi. Wani yaro ya tura shi daga baya, ya fito tsakiyar fili. Hannatu ta tsallake igiya ta taho a guje, ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiwaya ba. Ta iso gabansa, ta dube shi sama-sama, sai ta kama kafaɗarsa ta kawar da shi gefe tana leƙa bayansa.

"Elisha, ka riga ni zuwa? Matsa in ga ƙaninka."

Ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, ta sake dawowa. Koci Matthew ya matso cikin ladabi ya tambayi abin da take nema. Ta ce ɗanta Wilfred. Koci ya dafa Elisha ya ce, "Mama, ai ga shi nan. Shi ne Wilfred ɗinmu."

Sai a lokacin ta kalli rigar da ke jikinsa. Ta daɗe tana kallonta.

Ta tambaye shi a hankali, "Jiya da nake waƙa, ka sani?"

Elisha ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani.

Ba ta mare shi ba, ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kular a ƙasa ta zauna a wurin, a tsakiyar fili, kamar wadda aka zare wa ƙashin baya. Celina ta zo ta riƙe ta tana kuka tana cewa da ta sani da ba ta kawo labarin ba.

Ba a buga wasan ba. Koci Matthew da kansa ya je gaban alƙalai ya faɗi gaskiya, aka cire Matasan Salama daga gasar, aka miƙa kofi ga abokan hamayya. Yara goma sha bakwai da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka tuɓe riguna suna sharar hawaye. Masu neman 'yan wasa suka shiga motarsu suka tafi.

Bayan sati biyu Hannatu ta aika wa dangi cewa a zo a yi wa Wilfred addu'ar mamaci. Ta ci gaba da gasa masararta, amma ta daina ɗaga kai in mota ta tsaya. Tana dafa wa Elisha abinci, tana amsa gaisuwarsa, iyakarta ke nan.

Ranar addu'ar, bayan baƙi sun watse, Elisha ya durƙusa a gabanta yana kuka yana neman gafara. Ta ce ta yafe, don Yesu ya ce a yafe. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Sau biyu na rasa yaron nan, Elisha. Na farko ban san wanda ya ɗauke mini shi ba. Na biyun na sani."

Darasi: Ƙaryar da kake ganin ba za ta cuci kowa ba, sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne take fara kayarwa. In ka riga ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun tana da sauran amfani, kada ka ce sai ka gama cin moriyar ƙaryar. Ku tura wa matasanmu da iyaye da masu horar da yara, wataƙila akwai wanda magana take kan harshensa yau.