Tagar da Malam Tanimu Ya Bari Aka Fasa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don kada wani a cikinku ya ce da kawunsa nake. Sunansa Malam Tanimu, ɗinkin hula yake yi. Ku matso, ku saurara. Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, har da kai.

Katanga ɗaya ta raba gidan Malam Tanimu da na maƙwabcinsa, Alhaji Barau, mutumin da ko inuwarsa ka taka sai ya nemi ba'asi. Shekarun baya ya taɓa tara wa Malam Tanimu dattawan unguwa a kan wata 'yar tagar ɗakinsa, wai tana kallon tsakar gidansa. Kun san al'adarmu, ba a buɗe taga ta leƙa iyalin wani. Tagar nan ko kan mage ba zai shiga ba, kuma tana can kusa da rufi, amma Malam Tanimu bai ja ba. Ya kwaɓa ƙasa ya toshe, shi da matarsa Kande suka ci gaba da shan zafi.

Ana nan, zamanin da murhun gas ya fara shigowa garin, Alhaji Barau ya sayo wa matarsa Hajiya Uwani, don a ce a gidansa aka fara gani. Mai haɗawa ya zo ya leƙa kicin, ya ga ba taga, sai ƙofa ɗaya.

Ya ce, "Alhaji, ba na haɗa gas a nan. Wutar nan iska take ci kamar mutum. Sai an fasa taga a sama, an yi wata kafa a ƙasa, domin in gas ya zurare, ƙasa yake kwanciya."

Alhaji ya ce, "To, fasa mana."

Ya ce, "Bango ɗaya ne ke kallon fili, filin kuwa tsakar gidan maƙwabcinka ne."

Jama'a, girman kai rawanin tsiya. Alhaji ya sallami mutumin, ya naɗe hannun riga ya haɗa da kansa. Hajiya ta fara girki. Yau ciwon kai, gobe jiri. Alhaji ya ce bakin mutane ne, sun ga an ci gaba. Rannan sai aka jawo ta daga kicin ranga-ranga, ludayi a hannunta, aka yi ta yayyafa mata ruwa kafin ta buɗe ido. A nan tsoro ya kama shi, domin duk faɗansa yana son matarsa.

Da safe ya yi sallama da Malam Tanimu. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi awaki, ya sake tambayar awaki. Da awakin suka ƙare, ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam Tanimu ya ce, "A fasa, Alhaji. Rai ya fi bango."

Da ya koma ciki, Kande ta tare shi. Ta ce, "Malam, mutumin da ya toshe mana taga?"

Ya ce, "Shi ya toshe, Kande. Hajiya ce ke suma."

Aka kira mai haɗawa ya dawo. Aka fasa taga, aka fasa kafa. Ya sa sabon tiyo, ya ɗaure shi tam, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa ya ga ba ta taso ba, alamar gas ba ya zurarewa, ya gaya musu abin da za su yi in sun ji wari. Malam Tanimu yana ta wancan gefen, yana ɗinki yana ji.

To, ku saurara, a nan jarrabawar take. Bayarwa sau ɗaya ce, zama da abin da ka bayar shi ne aikin. Tagar nan daidai inuwar da yake zaman ɗinki ta faɗo, ba shi kuwa da wata inuwar. In Hajiya ta jefa attaruhu a mai, Malam Tanimu ya yi ta atishawa ke nan, allura tana samun yatsa maimakon hula. In ta soya nama, ƙamshin a kwanonsu yake sauka, su kuwa miyar kuka ce, kukar ma lami. Kafin a sa wa kafar ƙasa raga, kazar Kande ta shiga ta nan, ba ta dawo ba. Da maraice ƙamshin farfesu ya fito ta sama. Ni ban ce komai ba, jama'a, zato zunubi ne. Kande ta ɗaura ɗamara, Malam Tanimu ya ce, "Zauna. Wataƙila tasu ce."

Duk tsawon lokacin nan bai taɓa ɗaga ido ya dubi tagar ba. Baya yake ba ta. Alhaji kuwa, da buƙata ta biya, ya koma amsa gaisuwa da hanci. Wallahi ni da nake ba ku labarin, raina ɓaci yake yi in na zo nan.

Wata rana bayan azahar, Malam Tanimu ya kishingiɗa a tabarma, kansa daf da kafar ƙasa. Sai wari ya doki hancinsa, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ashe ɓera ya ɓula tiyo, gas yana ta zurarewa yana fita ta kafar. Hajiya tana fama da mura, hancinta a toshe. Sai ya ji takunta ta shigo kicin, ya ji ƙarar kwalin ashana.

Mutumin da ko akuya bai taɓa daka wa tsawa ba ya miƙe zumbur, bayansa ga taga, idonsa a rufe, ya kwarara murya: "Hajiya, kada ki ƙyasta! Kada ki taɓa makunnin lantarki. Rufe kan tukunyar gas, bar ƙofa a buɗe, fita waje."

Ta rufe, ta fito a guje, ashanar tana hannunta. Da a ce ta ƙyasta, da ba gida ɗaya za a yi wa jaje ba, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Washegari Alhaji Barau ya shigo gidan Malam Tanimu da magini, bai tsaya tambayar awaki ba. Ya nuna inda tsohuwar tagar take, ya ce a fasa, a ƙara mata faɗi. Ya kama hannun Malam Tanimu, idonsa ya cika da ƙwalla. Da maraice Hajiya ta shigo da kanta ɗauke da kwano. Kande ta buɗe, ta ga kaza. Ta ce, "Malam, ga shi ta dawo."

Kuna dariya, to ga abin da nake so ku tafi da shi. Alherin da ka yi wa maƙwabci, ko bai cancanta ba, kanka ka yi wa. Da Malam Tanimu ya rama, da ya hana taga, da gas ɗin nan ya taru a bayan bangonsa bai sani ba. Yau akwai tukunyar gas a gidajen yawancinku. In kun koma, ku leƙa kicin. Akwai taga? Tana buɗe, ko an jingina mata buhun shinkafa? Ku duba tiyo, ku kira wanda ya iya. Sannan ku duba ɗaya bangon, wanda kuka gina tsakaninku da mutumin da kuka daina gaisawa. Shi ma yana son taga, kuma ba sai an kira magini ba. Allah ya ba mu maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama su.