Tukunyar Iya Kande da Ɓerayen Shekarau

Kai Sagiru, wace irin tambaya ce wannan, wai ko ganye na maganin zazzaɓi? Da me aka raini ubanka? Zauna nan, rufe bakinka, ka ji. Ku ma sauran yara, ku matso.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Iya Kande, mai dafa wani ganye mai ɗaci tana ba masu zazzaɓi. Ana nan sai magana ta bazu wai ruwan ɗaci ne kawai, zazzaɓin da kansa yake tafiya. Tsohuwa ta fusata, ta kife tukunyarta, ta ce ba za ta sake ɗora ta a murhu ba sai an wanke sunanta, kuma cikin 'ya'yanta uku wanda ya wanke shi, shi zai gaji tukunyar.

Tabawa, babbarsu, ita kaɗai ta iya dahuwar. Da ido take gane ruwan ya yi. Ta tsinko ganyen ta kai birni wurin ƙanenta Shekarau, mai aikin gwajin magunguna. Shi kuwa ya kawo fararen ɓeraye, ku ji fa, ɓeraye, ana ciyar da su kamar baƙi. Ya yi musu allurar da ke sa jiki zafi, ya raba su keji biyu: waɗannan a ba su ruwan ganye, waɗancan ruwa zalla, don a ga bambanci. Ya tafi masallacin Juma'a ya bar ta da su.

Tabawa ta dubi ɓerayen kejin da aka hana, sun takure suna rawar ɗari. A gidansu ba a taɓa ba majinyaci magani na kusa da shi yana kallo ba. Ta ɗauko sauran ruwan ta ɗuɗɗura musu.

Shekarau ya dawo ya auna, duk zafinsu ya sauka. Da ya ji dalili sai ya dafe kai.

"Yaya, kin kashe aikin. Yanzu da wa zan kwatanta su?"

"To in zuba ido su mutu? Kai dai boko ya cinye maka tausayi."

Ga ganye ya ƙare, ga masu farautar gafiya sun sa wa dajin da ake tsinko shi wuta, ko tsiro babu.

Ashe Lantana, autarsu, tun da aka kai ta ɗakin miji ta dasa reshen ganyen a bayan ɗaki, tana ba shi ruwan wanke-wanke har cikin rani. Da ta ji labari ta tsige shi tas ta kawo, ta san ba zai sake tohowa ba. Bai toho ba kuwa.

Shekarau ya roƙi shugabansa, da ƙyar aka ba shi wasu ɓerayen. Tabawa ta dafa, ta miƙa, ta fita waje ta zauna tana ƙunƙuni don kada idonta ya gani. Waɗanda suka sha ganye zafinsu ya sauka, waɗancan suka wuni da nasu. Aka kai maganar gari, masu surutu suka yi shiru.

Tukunya kuwa ɗaya ce. Ba don Shekarau ba, babu shaida. Ba don Lantana ba, babu ganye. Ba don Tabawa ba, babu dahuwa. Sai dai ita ta ɓata gwajin farko, ko da yake wasu sun ce mai irin wannan zuciyar ce ta dace da majinyata.

Ku naɗe min tabarmar nan ku je ku kwanta, can kwa ƙarasa gardamarku: cikin ukun nan, wa Iya Kande za ta miƙa wa tukunyar?