Makaho Mantau da Idon Bidi

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To, ku matso, a daina tsungulin juna.

Wani makaho ne wai shi Mantau, sana'arsa tufkar igiya. Ba mata, ba ɗa, sai goɗiyarsa Bidi. Ita ce idonsa. In ya hau ya ce kasuwa, sai kasuwa. In ya ce gida, sai gida. A zamanin nan dabbobi na magana, amma doki bai cika surutu ba, kalma biyu uku ya yi shiru. Ba irinku ba.

Sai wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyar gari ta ƙafe. Ruwa sai a wani idon ruwa can cikin kurmi. Kullum da hantsi Mantau ya kai Bidi ta sha, shi ma ya cika gorarsa.

Ana nan, sai Bidi ta fara tuntuɓe. Ran nan har ta kai shi cikin ƙaya. Ya shafa fuskarta, ya ji hawaye sharkaf.

Ya ce, "Bidi, me ke damunki?"

Ta ce, "Ido ne, maigida."

Sai Mantau ya tambayi kansa: In Bidi ta makance, wa zai ja wani?

Sai ya kai ta wurin maƙwabciyarsa Tabawa, mai sayar da tozali. Tabawa ta leƙa ta ce, "Wannan ai ƙura ce, Malam Mantau." Ta rangaɗa wa goɗiya tozali kamar mai zuwa biki. Mantau ya yi godiya, ya ja ta kurmi ta sha ruwa. Kwana uku, idon hagu ya fara fari.

Ya ce, "Bidi, har yanzu?"

Ta ce, "Ido ne, maigida."

Sai ya kai ta wurin Dudu mai tallan nono. Dudu ta leƙa ta ce, "Zafi ne, Baba." Ta ɗiga mata madara mai ɗumi. Mantau ya yi godiya, ya ja ta kurmi ta sha ruwa. Kwana uku, idon hagu ya rufe ruf, na dama ya fara hawaye.

Ya ce, "Bidi, har yanzu?"

Ta ce, "Ido ne, maigida." Muryar ma da ƙyar take fita.

Sai ya kai ta wurin Jatau wanzami. Jatau ya leƙa ya ce, "Mugun jini ne ya taru. Tsaga za a yi a gefen idon. Riƙe min ita da kyau."

Mantau ya rungumi goɗiyarsa. Kun san makaho da hannu yake gani. Tunda abin nan ya fara, fuskarta kawai yake shafawa, don kowa ido yake cewa. Yau da hannunsa ya sauka jikinta, sai ya ji haƙarƙari a waje, ɗaya bayan ɗaya. Ya ji jiki zafi rau. Ya shafa ƙarƙashin ciki, ya ji kumburi. Ya shafa wuya, ya ji tabon cizo birjik.

Ya ce, "Jatau, mai da askarka."

Ya sa bakinsa a kunnenta. "Bidi, wane ido kike nufi?"

Ta ce, "Idon ruwan kurmi, maigida. Tsando ne a wurin, ƙudan nan mai cizo. Kullum ina sha suna cina."

"Me ya sa ba ki ƙi zuwa ba?"

"In na ƙi, kai ina za ka sha?"

Wayyo. Mantau ya zauna a ƙasa daɓas, ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti. Sau uku tana faɗa masa, shi kuwa yana ta mai da ita wurin da hannunsa. Ni kaina duk sanda na zo nan sai na ji tausayinsu su biyun.

Jatau ya ce, "In haka ne, wannan sammore ne, ciwon da tsando ke sa wa dabba. A jini yake, ido leƙowa kawai ya yi. Ba aikina ba ne. Ka nemi Arɗo Buba a ruga."

Arɗo ya duba dasashinta, ya ga ya yi fari fat. Ya ba ta jiƙon saiwoyi, ya ce a haɗa mata da dusa da kanwa, kuma kada ta ƙara taka kurmi. Ya bar su suka zauna a rugar, suna sha daga rijiyar shanu. Mantau ya tufka wa Arɗo igiya har ta ishi garken duka.

Da damina ta faɗi, Bidi ta murmure, haƙarƙari ya ɓuya. Idon dama ya washe. Na hagu kuwa ya tafi ke nan.

Ranar komawa gida ta ce, "Maigida, saura ido ɗaya."

Mantau ya hau, ya shafa wuyanta ya ce, "Mu biyu, ido ɗaya. Ai ya ishe mu. Mu je gida."

Sai gida.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. In naku ya ce muku ga inda ke ciwo, ku sake tambaya, ku kuma taɓa jikinsa ku ji. Ku tashi haka nan, ƙafata ta yi sanyi.