Rumbun Nomau da Rijiyar Tudun Ɓaure

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A can farkon zamani, lokacin da mutum da dabba ke jin maganar juna, an yi wani gari mai suna Tudun Ɓaure. Garin nan ko katanga ɗaya babu a cikinsa. Rumbu guda ne a tsakiyar gari, ƙato, kowa ya girbe can yake kaiwa, kowa ya ji yunwa can yake ɗiba. Rijiya ma guda ce, an jera mata duwatsu tun daga baki har ƙasa. Kowace kaka sai a yi gayya a yashe ta, wani tsoho mai suna Anaruwa yana nuna wa mutane yadda ake aza dutse bisa dutse.

A garin akwai wani manomi, Nomau, ƙaƙƙarfa, wanda kafin wani ya kai ƙarshen kunya ɗaya shi ya gama uku. Akwai kuma Gizo, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Gizo ya daɗe yana son yi wa rumbun gari ɓarna, amma ba dama, kullum da mata masu sussuka a gindinsa. Sai ya ce a ransa, in hatsin nan ya rarrabu, ai idon ma ya rarrabu.

Ran nan ya iske Nomau a gona, ya gaishe shi, ya yaba masa ƙarfi, sannan ya ce, "Ni dai abin da ke ba ni mamaki, kai da ke noman mutum uku, ƙwaryarka daidai take da ta kowa. In shekara ta ɓaci, wa zai tuna gumin da ka zubar?"

Nomau ya yi dariya ya kore shi. Amma maganar ta ƙi barinsa. Yana noma tana ransa, yana cin tuwo tana ransa. Da kaka ta yi, sai ya gina ɗan rumbu a bayan ɗakinsa, ya ɓoye rabin geronsa. Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya nuna hatsi ya ce nasa ne shi kaɗai.

Kun san Gizo. Ya fasa rumbun ta ƙasa, ya kwashi abin da ya kwasa, ya dawo yana jajantawa, wai ya ga maƙwabci yana gilmawa ta wajen. Nomau ya tayar da katanga. Gizo ya sake kwasa, ya ce katanga ba ƙofa ai wasa ce. Nomau ya sa ƙyaure. Gizo ya kwasa na uku, ya ce ɓarawon da ke haura katanga sai da makami. Nomau ya ɗauki fartanyarsa ta gado ya kai maƙera aka mayar masa da ita mashi.

Tun daga nan zama ya gagare shi. Sai ya kai tsakiyar kunya ya yar da aiki ya ruga gida ya duba rumbu. Ya komo gona, ya ji kamar bai ja ƙyauren da kyau ba, ya sake komawa. Maƙwabta da suka ga haka suka tsorata, suka ce lalle Nomau ya hango wani abin da su ba su gani ba. Kowa ya gina nasa rumbun, kowa ya ja tasa katangar. Gizo kuwa da matarsa Ƙoƙi sai ƙiba suke.

Kaka ta zagayo, ba wanda ya fito gayya, don ba mai yarda ya bar gidansa.

Sai Kwaɗo ya fito daga rijiya, ya yi ta tsalle har ƙofar Nomau, ya gaya masa dutse ɗaya ya zame a can ƙasa. Nomau ya ce gobe. Bayan kwanaki Kurciya ta sauka bisa katangarsa ta ce bakin rijiya ya tsage, ta gani da idonta wajen shan ruwa. Nomau ya ce gobe, ya kore ta kada ta tsinci geronsa. Na uku, Anaruwa da kansa ya zo yana dogara sanda, ya ƙwanƙwasa ƙyaure.

"Nomau, ƙarfina ya ƙare. Kai ne mai hannu. Zo in nuna maka yadda ake ɗaure duwatsun ƙasa, tun ina iya magana."

Nomau ya tsaya a bayan ƙyauren, hannunsa bisa sakata. Ya so ya buɗe, wallahi ya so. Amma sai ya ji motsi wajen rumbu, ya juya da gudu. Ko da ya dawo, tsohon ya tafi. Kafin damina Anaruwa ya rasu, bai koya wa kowa ɗaurin duwatsun ƙasa ba.

Ruwan farko da aka yi, rijiya ta rufta. A shekarar kuma damina ta ɗauke da wuri. Nomau ya ce ai shi ya tanada, ya hau rumbunsa ya zura hannu. Gero taƙi ɗaya ne a sama, ƙasa duk ƙaiƙayi. Ya ga ramin da aka fasa, ya ga sawun ƙafa takwas, sai ya gane aikin Gizo ne. Gizo tuni ya haye rufin ɗaki ya laɓe a kusurwa, inda yake har yau.

Nomau ya bi gida gida yana kiran gayya. Wasu suka amsa masa ta bayan ƙyaure, wasu suka yi shiru. Mutum huɗu kawai suka fito. Suka kwashe ƙasa, suka fara jera duwatsu, sai duwatsun suka rushe. Suka sake, suka rushe. Suka sake na uku, dutse ya danne wa ɗayansu ƙafa. Nomau ya dubi hannuwansa, ga ƙarfi, amma babu sanin. Ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba.

Haka mutanen Tudun Ɓaure suka watse, kowa da tulunsa a ka da mashinsa a hannu. Duk inda suka sauka, katanga suke fara ginawa kafin su nemi ruwa. Nomau ne ya fita ƙarshe, kuma an ce har ya mutu bai ƙara kwana biyu a gari ɗaya da kwanciyar rai ba.

To, jikokina, in kun ji manya na cewa duniya ta lalace, ba da yaƙi ta fara ba, ba kuma da fari ba. Ta fara ne ranar da mutum ya ji tsoron maƙwabcinsa har ya ƙi buɗe ƙofa ga mai son koya masa. Abin da jama'a suka gina tare, tare ake riƙe shi.

Ƙungurus kan kusu, a nan ta tsaya.