Gurasar Matafiyi da Kyanwar Shehu

Na rantse da Wanda Ya halicce ni ba za ku yarda da wannan labari ba, domin duk garinmu Margilan an san ni da shara ƙarya, amma wanda zan yi zance a kansa ya fi ƙarfin a yi masa ƙage: Shehunmu, al'arifu billahi, kogin fiƙihu da tafsiri, ma'abucin tsentseni da yawan azumi, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ko ga ƙuda ba, Allah Ya ƙara masa yarda. Ni Ergash na daɗe a gabansa, kuma da ban ajiye karatu a tsakiyar nahawu ba da yanzu ni ake tambaya fatawa, sai dai na ga gara in bar wa wasu su ma su yi suna, na tsaya ina yi wa gidan cefane.

A gidan akwai wata jar kyanwa, Altun, wadda ba ta jin kira ba ta jin kora. Takan kwanta cikin hular baƙo, takan ture kofin shayi tana kallon tsakiyar idonka, kuma Shehu da kansa, Allah Ya ja zamaninsa, in ya tarar da ita a kan buzunsa sai ya koma gefe ya yi karatunsa a tabarma. Ni da na taɓa ɗinke hannun rigar ladan yana gyangyaɗi, ban ga dalilin da dabba za ta fi ni iya shege ba. Ranar da ta ɗauke tsokar da na ɓoye a ƙarƙashin shinkafata, na ce zamanta a gidan ya ƙare.

Sherzod, ɗan Shehu, da zai tafi aikin gini a Rasha, ya gutsuri gurasa kamar yadda matafiyi ke yi a al'adarmu, aka rataye sauran a bango domin rabonsa ya jawo shi gida. Ta bushe ta koma kamar dutse, amma mahaifiyarsa, Inna Zulhumor, kullum da safe ita take fara dubawa. To gurasar nan na sauke, na cusa cikin jabbata, na kankare ɗan gefenta na barbaɗa inda Altun ke kwana.

Da Inna ta ga ƙusar bangon babu komai, ta ga ɓurɓushi a shimfiɗar kyanwa, sai ta zauna a ƙasa.

"Ergash, nemo buhu," in ji ta. "Ka kai ta bayan kasuwar dabbobi, kada in ƙara ganinta."

"Ai na sha faɗa, Inna," na ce. "Ɓarauniya ce mai gashin baki."

Ina riƙe da buhu Shehu ya shigo daga sallar walaha, ya dube mu, ya ce cikin natsuwarsa, "A zuba shayi tukuna. Ba a yanke hukunci a tsaye."

"Malam, rabon ɗanka ta cinye, kai kana zancen shayi," in ji Inna.

"Rabon bawa ba ya shiga cikin wani," ya ce. Da muka zauna sai ya juya wajen kyanwar. "Altun, ban taɓa umurtarki ba. Yau roƙo nake."

Ta yi hamma, ta lashi ƙafarta, ta ɓata lokaci yadda kowa zai san ba aikenta aka yi ba, sannan ta taso ta haye cinyata, ita da ba ta taɓa matso ni ba sai don yakushi, ta jingina da ƙirjina tana gurnani a hankali. Nan take na ji busasshiyar gurasar nan ta fara ɗumi, ƙanshin riɗi ya cika ɗaki kamar yanzu aka ciro ta daga tanderu.

"Wa ke gashi da wannan rana?" Inna ta tambaya.

"Maƙwabta ne, Inna."

"Maƙwabta a cikin jabbarka?"

Na daure irin ta maza, da wani ne da tuni ya yi ihu, amma da zafin ya fara cin fata na zaro ta, tana tururi, da laushi, ga shatin haƙoran Sherzod a jikinta. Shehu ya karɓa da hannu biyu, ya sumbace ta, ya kai goshi, ya ce, "Ta yi ɗumi ne don mai ita ya kusa. A ƙara shinkafa."

Kafin la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida, sai ga Sherzod da jakarsa, alhali bai sanar da kowa yana tafe ba. A gabanmu ya cinye ragowar gurasarsa, Inna tana kuka tana dariya.

Na zaci murna za ta sa a manta da ni, har na fara sulalewa, sai na ji muryarta.

"Dawo, mai gashi. Tunda ƙirjinka ma yana gasa gurasa, tanderun gidan nan naka ne har ƙanƙarar hunturu ta narke."

Na dubi Shehu ko zai cece ni. Ya yi murmushi ya ce, "An yi maka sauƙi, ɗana. Da Altun aka bar wa hukuncin fa?"

Ga ni nan ina cuɗa ƙullu, wuta ta lashe mini gira, kodayake duk unguwar babu mai gurasa irin tawa. Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake girmama bayinSa salihai har dabba ta tsaya musu shaida. Allah Ya ƙara wa Shehunmu kusanci, Ya lulluɓe mu da albarkarsa, ni kuma Ya mayar mini da girata.